Daga Garkuwar Warwaji Zuwa Ɗamarar Soja: Waiwaye a Kan Tara Tsofaffin Kayan Yaƙi na Fata

Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe littattafan tarihin yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa, sunayen da zai fi cin karo da su su ne na sarakuna da wazirai da madawakai da sauran manyan barade. Da wuya ya ji sunan dakaren da ya yi tafiyar kwana goma a ƙasa da kwari a bayansa, balle sunan majemin da ya jeme fatar da aka yi kwarin, ko na badukun da ya ɗinka shi. Waɗannan mutane ba su bar mana rubutu ba. Abin da suka bari shi ne kayan da suka yi da hannunsu ko suka rataya a jikinsu, wato garkuwa da kube da kwari da salka da laya, daga baya kuma ɗamara da jigidar harsashi ta sojan Bature.

A cikin wannan maƙala za mu dubi asalin waɗannan kaya, da mutanen da suka yi ta tara su tun daga farkon ƙarni na 20, da halin da kayan suke ciki. Abin da muke son nunawa shi ne, mafi yawan masu tarawa sun ɗauki kayan sun bar labarinsu a baya, kuma wannan labari da aka bari yana nan a bakin tsofaffinmu, sai dai kullum raguwa yake yi.

Majemi da Baduku a Bayan Mayaƙi

Ƙasar Hausa ta daɗe da yin fice wajen jima da dukanci. Majemi kan jiƙa fata cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare ta, sa'an nan ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa, ya shafe ta da mai, ya yi ta murza har ta yi laushi. Daga nan sai rini: karan dafi ya ba da ja, kuloko ya ba da baƙi, gangamau ya ba da rawaya, koriyar fata kuwa ita ake kira korino. Fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme ta wannan hanya ita ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko. Ashe ke nan tun kafin a fara tara kayanmu a gidajen tarihi an riga an fara raba su da sunan masu su.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kimanin 50,000 kasuwar birnin a kowace shekara, kusan dukkansu daga garin Solingen na ƙasar Jamus. A Kano ake yi musu mariƙi da kube, sa'an nan a sayar wa Hausawa da Fulani da Nufawa da Barebari da Buzaye. Saboda haka idan muka ɗauki tsohon takobi, ƙarfen yana ba mu labarin fatauci ne, amma kuben da hamilar su ne ke ba mu labarin gida, domin irin ɗinkin da launin da zanen da ke jikinsu kan nuna garin da aka yi su, wani lokaci har gidan dukawan da suka fito. Har yau akwai unguwar Dukawa a cikin birnin Kano, shaidar irin matsayin da wannan sana'a ta samu.

Kayan Barde da na Dakare

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki wajajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunar Kano. Lifidi tufa ce mai kauri da ake cusa wa audugar rimi a ɗinke, a lulluɓe doki da mahayinsa da ita don kibiya ta kasa ratsawa. Amma ko lifidi ko sulke, ba wanda ke zama a jikin doki ko barde sai da taimakon fata. Sirdi itace ne da masassaƙi ya sassaƙa, baduku ya lulluɓe. Kan linzami da igiyar likkafa da ɗan ƙirji da takalman hawa duk aikin fata ne.

Garkuwa kuwa da ƙirgin manyan dabbobi ake yin ta, kamar sa da ɓauna da giwa da raƙumin dawa. Akwai babba da ake kira kutufani, akwai ƙarama mai da'ira da ake kira kunkeli. Wadda ta fi daraja ita ce ta fatar warwaji, wata farar dabbar hamada mai dogayen ƙahoni, domin fatarta ba ta da nauyi amma ga tauri. A shekara ta 2000 masana suka bayyana cewa warwaji ya ƙare a daji, sai wanda ake kiwo a killace, kuma sai a 2016 aka fara sake sakinsa a dajin ƙasar Cadi. Wannan ya nuna mana cewa duk garkuwar warwajin da ta lalace a yau ba a da abin yin madadinta.

Shi dakare kayansa ba su da yawa: baka mai tsirkiyar fata, da kwari cike da kibau waɗanda aka shafa wa dafin kwankwani, da wuƙar hannu cikin kubenta, da salkar ruwa, da 'yar jakar guzuri. Amma ba a raina shi. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, 'yan bakan jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, waɗanda dawakinsu ba su taka kara sun karya ba, su ne suka karya dawakin Sarkin Gobir Yunfa tare da 'yan lifidansa.

Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya ga irin waɗannan kaya a fagen fama a 1826, lokacin da ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa Konya, birnin Gobirawa. Ya bayyana nauyin lifidi da yadda yake hana doki sauri. Ya kuma ba da labarin wata tsohuwar baiwa Bazamfariya da ta riƙa zagayawa a kan doki da gorunan ruwa da tasa, tana shayar da masu ƙishirwa da masu rauni. Bai faɗi sunanta ba. Irin waɗannan mutane ne kayan fagen fama ke tunatar da mu.

Ba za mu bar wannan sashe ba sai mun ambaci laya. Malami ya rubuta, baduku ya ɗinke cikin fata, mayaƙi ya jera a rigar yaƙi ko a wuyan doki ko a dantse. Kowace laya ɗan ƙaramin kundi ne da ya haɗa ilmin malamai da aikin dukawa da fargabar mai fita yaƙi.

Shekarar 1903

Masu iya magana sun ce ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. A ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya ci Kano da sojoji baƙar fata fiye da 700, da igwa 4, da bindiga mai ruwa 4. A ranar 15 ga Maris aka gwabza a Giginya, Sakkwato ta faɗi. A ranar 27 ga Yuli aka yi yaƙin Burmi na ƙarshe, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kwanta dama tare da ɗaruruwan mabiyansa. Garkuwar da ke tare kibiya da mashi ba ta tare harsashi, lifidi kuwa sai ya zama wa mai shi kaya.

Daga wannan shekara kayan yaƙin gargajiya suka rabu gida uku. Wasu sun tafi a matsayin ganima cikin akwatunan hafsoshin Turawa, aka rataye su a bangon gidajensu ko a ɗakin cin abincin bariki. Tutar Attahiru kanta ta daɗe a hannun rundunar da ta ƙwace ta, sai a 1960 aka mayar da ita Sakkwato. Wasu kayan sun zauna a fada suka koma kayan ado na hawan salla da hawan daba, kamar wanda aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, da wanda aka yi wa Sarauniya a Kaduna a 1956, da na bikin al'adun baƙar fata a 1977. Kaso na uku, wato kayan dakaru, su ne aka watsar a zaure da rumbu, ko aka mayar da su kayan farauta har suka ƙare.

Ɗamarar Sojan Bature

Wani abin lura shi ne, da yawa daga cikin sojojin da suka harba bindiga a Kano da Sakkwato Hausawa ne. Tun a 1863 John Glover ya kafa 'yar rundunar Hausawa a Legas, wadda aka san ta da sunansa, har ta je yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874. A 1897 aka ɗora wa Lugga kafa rundunar Afirka ta Yamma, kuma Hausa ce ta zama harshen bariki a bataliyoyin Nijeriya. Wannan sabon soja yana da jar dara da naɗin ƙwauri da ɗamarar fata mai jakunkunan harsashi da kuben banati, amma galibi ƙafarsa ba takalmi har zuwa wajajen Yaƙin Duniya na Biyu. Ke nan kayan sojan Bature ma wani ɓangare ne na tarihinmu, mai daɗi ko mara daɗi.

Su waɗannan kaya suna da nasu tarihin. Ɗamarar hafsa mai igiya ɗaya da ke ratsa ƙirji ta samo suna ne daga Janar Sam Browne, wanda aka sare wa hannun hagu a Indiya a 1858, ya ƙirƙiro ta don ya iya zare takobi da hannu ɗaya. A yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902 Ingilishi suka gane cewa fata kan miƙe idan ta jiƙe, ta kuma ƙandare idan ta bushe, har harsasai su riƙa zubewa. Don haka a 1908 suka koma ga ɗamarar saƙaƙƙen zare mai kauri. Da yaƙi ya ɓarke a 1914 masaƙu suka kasa wadatar da sababbin sojoji, sai aka sake komawa ga fata na ɗan lokaci. A 1937 aka fito da wani sabon samfurin na zare, wanda shi ne aka fi sani a Yaƙin Duniya na Biyu.

A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka tura su Bama su yaƙi Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan. A can ruwan sama da laka suka nuna cewa fata ba ta da ƙarko a kurmi. Abin da ya fi amfani shi ne adda, da kuma kan ɗan Adam, domin dubban 'yan dako ne suka riƙa ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa a kansu inda mota ba ta shiga. Mu da ke karatu a wannan sashe na ƙasa muna wuce sunayen waɗannan wurare kullum ba tare da mun lura ba: barikin Dodan a Ikoyi, da na Arakan a Apapa, da na Myohaung a Yaba, da na Letmauk a Ibadan, duk sunayen wuraren fama ne a Bama. 'Yan mazan jiya sun dawo gida da adda da gorar ruwa da ɗamara da lambobin yabo da takardar sallama, kuma a gidaje da yawa waɗannan kaya suna nan a ƙasan adaka.

Su Wane ne Masu Tarawa?

Masu tarawa na farko, kamar yadda muka gani, su ne hafsoshi da jami'an mulkin mallaka, tare da masu yawon bincike irin su Bajamushe Leo Frobenius, wanda ya zagaya Nijeriya tsakanin 1910 da 1912 ya kwashi kaya masu yawa. Wani abin da suka tara ya ƙare a gidajen tarihi na Turai, kamar wanda Janar Pitt Rivers ya kafa a Oxford a 1884, shi da ya fara sha'awar tara kaya daga makamai. Alherin da ke cikin wannan shi ne kayan sun tsira daga gara. Illar kuwa ita ce, 'yar takardar da ake liƙawa a jiki sau da yawa ba ta wuce ta ce garkuwa ce daga Arewacin Nijeriya ba, sa'an nan a rubuta sunan Baturen da ya kawo ta. An san wanda ya ɗauka, ba a san wanda ya yi ba, ba a san wanda ya riƙe ta a fagen fama ba.

Kashi na biyu su ne gidajen tarihi na gida. An naɗa Kenneth Murray mai kula da kayan tarihi a 1943, aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952 da na Legas a 1957, aka mayar da Gidan Makama na Kano wurin adana kayan da, aka kuma kafa gidan tarihin yaƙi a Umuahia a 1985. A 1964 A. D. H. Bivar ya wallafa nazarinsa a kan sulkuna da takubban da ya gani a fadodin Arewa, inda ya nuna cewa wasu daga cikinsu daga ƙasashen gabas aka shigo da su. A 1977 Joseph Smaldone ya fito da littafinsa a kan yaƙi a Daular Sakkwato. Waɗannan ayyuka suna da matuƙar amfani, sai dai ƙarfe da dabarun yaƙi sun fi samun kulawa a cikinsu fiye da jima da ɗinki.

Kashi na uku su ne dillalai, masu bi ƙauye-ƙauye suna sayen tsofaffin kaya da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, su kai wa baƙi, yanzu kuma har ta intanet. A hannunsu ne labari ke mutuwa gaba ɗaya, domin dillali ba ya son a san inda ya samo kaya. Wasu sukan farke laya don ganin abin da ke ciki, wasu kuma su turara sabuwar fata da hayaƙi su ce ta zamanin jihadi ce. Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba, kuma ta ɗauki aikin hannun gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi. Wannan ma'auni ya kama garkuwa da kwari, amma bai kai ga ɗamarar da ta je Bama ba. Bugu da ƙari, da Jamus ta fara mayar wa Nijeriya tagullan Bini a watan Disamba na 2022 duniya ta ji, amma ba mu ga irin wannan hoɓɓasa a kan kayan fata ba.

Abokan Gaban Fata

Tagulla kan yi shekara ɗari biyar a cikin ƙasa ta fito lafiya. Fata kuwa ba ta da wannan haƙuri. A Arewa hunturu kan busar da ita har ta tsage, gara da ɓeraye su ƙarasa. A nan Kudu laima ce ke sa ta yin fumfuna, ɗinki ya ruɓe. Fatar da aka jeme da sassaƙe ko 'ya'yan itace takan kamu da wani ciwo idan ta tsufa, ta riƙa marmashewa kamar jan gari, kuma idan ta kai nan ba ta dawowa. Inda tagulla ta haɗu da fata mai maiƙo, kamar a bakin ɗamara, wata koriyar tsatsa kan fito.

Rigakafin ba shi da tsada. A ɗaga kaya daga ƙasa, a ajiye su a inuwa inda iska ke ratsawa, kada a ƙulle su cikin leda, kada a naɗe ɗamara da ƙarfi, kada a rataya abu mai nauyi da tsohuwar igiyarsa. Kada kuma a lafta wa tsohuwar fata mai ko man takalmi da nufin gyara, domin yakan jawo ƙura da ƙwari, ya kuma rufe alamomin da ke jiki. Waɗannan alamomi su ne shaida. A kayan gwamnatin Ingila akan ga tambari mai kama da kan kibiya, da sunan kamfani, da shekara, wani lokaci har da lambar sojan da ya ɗaura. A kayan gida kuwa akan dubi zare da ɗinki da rini, domin jan karan dafi daban yake da na rinin kanti, a kuma dubi inda hannu da gumi suka cinye.

Kammalawa

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a raya. Abin farin ciki ne, amma hawa ba ya adana tsohon kaya, domin duk abin da ya tsufa akan sauya shi da sabo, sau da yawa ma na roba. Haka kuma waɗanda suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, saura 'ya'yansu da suka ji labari daga bakinsu, su ma girma ya kama su.

A nan ne aikin ɗaliban Hausa yake. Ba mu da kuɗin da za mu yi gasa da dillalai, amma muna da abin da ba su da shi, wato harshe da dangantaka. Idan mun je hutu, mu nemi izinin iyaye a buɗe mana adaka, mu gaida Sarkin Dukawa da Sarkin Baka da tsofaffin 'yan lifida, mu zauna mu saurara. Kowane kaya muka gani mu ɗauki hotonsa da wayar hannu, mu auna tsawonsa da faɗinsa, mu rubuta amsar tambayoyi biyar: mene ne sunansa a wannan gari, wa ya yi shi, da fatar wace dabba, wa ya yi amfani da shi, kuma a wane yaƙi. Mu bar kayan a hannun masu shi tare da shawarar yadda za su adana, mu kawo rubutun sashe a ajiye. Wanda ya ga gidansu ba zai iya riƙewa ba, gara ya miƙa wa gidan tarihi mafi kusa, a rubuta sunan kakansa a jiki, da ya sayar wa wanda zai shafe sunan.

Kalmomi irin su kutufani da kunkeli da hamila da korino sun fara zama baƙi a kunnen matasa. Idan kayan suka ruɓe, kalmomin za su bi su, domin ba a riƙe sunan abin da ba a taɓa gani ba. In kuwa muka haɗa kowane kaya da sunansa da labarin mai shi, to majemi da baduku da dakare za su sami gurbinsu a tarihi kusa da sarakunan da suka yi wa aiki.